Bencin Gefen Taga

Sydney, farkon Agusta

Yayata Thelma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Tasmania bai kama miki gwiwoyi ba. Kin ce in daina kiranki a waya tunda "e" da "a'a" kawai na iya faɗa a cikinta. To ga takarda, sai ki sha karatu.

An yi wa Noelene aikin ƙugun, likita ya ce ƙashin zai haɗe. Ragon da ya tunkuɗe ta a bakin rumfar da muke yi wa tumaki aski kuwa yana can lafiyarsa ƙalau, maƙwabcinmu Athol na duba mini shi tare da sauran tumakin. Ni na kama ɗaki a wani masauki bayan tashar jirgin ƙasa, kullum da hantsi in tafi dubiya.

Thel, wanda ya zana asibitin nan bai taɓa ciwo ba, bai kuma taɓa zuwa duba kowa ba. Ka shigo ta ƙofar titi da ƙafarka, a ce maka wai kana hawa na uku. Lif ɗin da ke gabanka ba ya tsayawa a hawan da Noelene take, sai ka sauka ƙasa, ka ƙetare wani dogon baranda, ka hau wani. Sun shata layuka masu launi a daɓe wai a riƙa bi. Na bi shuɗi, ya kai ni ɗakin wanki. Washegari na bi kore, na tsinci kaina a wajen masu haihuwa da furanni a hannu, har wata nas tana yi mini barka da samun jika. Duk da haka a bakin ƙofa sun kafa allon tagulla, wai ginin ya ci kyauta.

Ɗakinta gado huɗu ne, maza da mata a haɗe, labule kawai a tsakani. Ko tumaki ba na haɗa su haka. Gadonta na jikin taga, tagar kuma bangon wani gini take kallo. Mai dubiya ba shi da kujera, sai wani benci da aka gina a jikin bango ƙarƙashin tagar, ta hagun gadon. Ba ya ɗaguwa, ba ya matsawa, ga shi gajere, in na zauna gwiwoyina sai su kusa taɓa haɓata. Ta daman gadon akwai 'yar durowa da ƙarfen ƙarin ruwa, sai wata rata da ko karenmu ba zai iya bi ba, sai gadon wani mutum. Na ɗauko kujera daga baranda na ajiye a ƙafar gadon, nas ta ce hanyar wucewa ce, in mayar.

Mutumin nan shi ne dalilin wasiƙar. Sunansa Desmond Pardoe, tsohon mai gwanjon shanu, an sa masa ƙarfe a gwiwa, matarsa ta rasu. Gashi fari tas a taje kamar mai zuwa biki, rigar barci mai sheƙi. Ina shigowa sai ya ɗaga murya:

"Ga maigidan ya iso! Noelie, rufa mana asiri, ki ɓoye zoben da na ba ki."

Noelie, Thel. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa ce mata Noelie ba, ban ma san ana iya yi wa sunan haka ba.

In an kawo abincin rana sai ya yi gwanjonsa. "Miyar kabewa, an ɗora ta tun zamanin yaƙi, wa zai taya? Dala ɗaya daga tsohuwar can ta lungu! Biyu daga Noelie! Maigida a kan benci, na ga ka ɗaga gira, uku ke nan, an sallama maka!" Wallahi ban ɗaga gira ba. Ita kuwa ta yi ta dariya har nas ta zo tana yi mata faɗan ɗinki.

Ni in na tambaye ta ko ta yi barci, shiru. Na ba ta labarin tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi tagwaye, shiru. Shi ko tari ya yi sai ta ce, "Des, in danna maka ƙararrawa?" Jiya da zan tafi ta ce in taho mata da janbakinta. Ba ta shafa shi ba tun bikin 'yar Athol.

Ba wai ina zargin kowa ba ne. Ina dai gaya miki abin da idona ya gani.

Ki gaida mijinki Len, ki ce masa ya rage taba.

Ƙanenki,
Merv

*

Burnie, tsakiyar Agusta

Mervyn ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka, da fatan Allah ya ƙara wa Noelene sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Len ita a wajen shan shayi, sai da na bubbuga masa baya don ya ƙware da dariya.

Kai yanzu da furfurarka, da haƙoran da kake kwana da su a cikin kofi, kishi kake yi da mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi? Me kake tsoro, su gudu? Ita da karyayyen ƙugu, shi da gwiwar ƙarfe, a ginin da kai mai ƙafa biyu ba ka iya samun ƙofar fita? Ko sun tashi yau, zuwa Kirsimeti ana iya tsintar su a ɗakin wanki.

Amma ban yi mamaki ba. Kana ɗan shekara shida ka ƙi cin abinci don Mama ta goya ɗan akuya a zaninta. Halin nan dai bai bar ka ba.

Janbaki kuwa, macen da ta kwanta mako biyu a gaban baƙi da rigar asibiti mai tsagaggen baya tana neman abin da zai tuna mata ita mutum ce. Ka kai mata, ka kuma ce ya yi mata kyau, bakinka ba zai tsage ba.

Ga shawara, kuma ka ɗauke ta da gaske. Ka rabu da bencin nan. In za ka yi mata magana ka tsaya a ƙafar gadon inda za ta ga fuskarka, ka buɗe baki ka ɗaga murya kamar kana kiran kare daga ƙarshen gona. Nas ta kore ka, ka dawo. Kada ka tambaye ni dalili, ka dai yi.

Na sa 'yar kwalbar zuma a cikin kunshin, tata ce, ba taka ba.

Yayarka mai ƙaunarka duk da halinka,
Thelma

*

Wirralong, ƙarshen Agusta

Thel,

Ina gaisuwa. Kin ga daga ina nake rubutu, na dawo gona.

Zumar ta iso. Da Desmond Pardoe aka sha ta a shayi. Maganar ɗaga murya kuwa, ni ba mai gwanjo ba ne. Ba zan tsaya a hanya ina yi wa matata ihu a gaban baƙi uku ba, ɗaki ɗaya mai shela ɗaya ya ishe shi.

Ga abin da ya faru. Akwai wata mata a asibitin mai shirya sallamar marasa lafiya. Ta zo ta ce gonarmu ta yi nisa da likita, ga matakala a ƙofar gida, ga baho mai zurfi. Ta ce gara Noelene ta koma wata unguwar tsofaffi a bakin teku, inda ake da nas dare da rana, akwai ɗaki guda da babu kowa a ciki, amma sai ta ba da amsa kafin a sallame ta. Kin san wa ke zaune a unguwar? Kin sani.

Ai kuwa ya karɓe zancen daga bayan labule. "Noelie, ɗakin nan ƙofa biyu ne daga nawa. Da safe rana har kan gado, ranar Laraba rawa, ranar Juma'a kifi. Maigida ma ya riƙa zuwa mana hutu in tumaki sun ba shi izini."

Noelene ta juyo da kai da ƙyar ta ce, "Me ka gani, Merv?"

Kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Ke za ki zauna, ke za ki zaɓa." Me kike so in ce? Ni dai ba zan iya barin gonar ba, kowa ya sani. In ta tafi can, ta tafi ke nan, sai dai in zama mai zuwa dubiya har ƙarshen raina.

Washegari na shirya maganata tun a cikin jirgin ƙasa, ina maimaita ta har wata mata ta canja wurin zama. Na isa, na ja labulen ya zagaye mu, na zauna a bencin, na sunkuya kusa da matashinta. Na yi ƙasa da murya sosai, don labulen nan ko numfashi ba ya tarewa. Na ce, "Noelene, ki dawo gida. Zan fasa matakalar in yi gangara, zan cire bahon, zan sayar da rabin tumakin in zauna da ke. Tun da kika tafi a tsaye nake cin abinci, ba na iya zama a teburin nan. Ban san yadda ake zama a gidan ba in ba kya ciki."

Tun da aka haife ni ban taɓa jera wa wani mahaluƙi magana irin wannan ba. Na gama, na jira. Idonta na kan silin, ko gira ba ta motsa ba. Ina nan sunkuye sai ga muryar Desmond ta ratso labule, yana sauraron sukuwa a rediyo: "Ya wuce su! Noelie, ya wuce su!" Nan take fuskarta ta washe, ta ce, "Des, dokinmu ne?"

Dokinmu. Ashe har doki gare su.

Na tashi na ɗauki hulata. Na ce na tafi, ban san ko ta amsa ba. Ban iya jiran lif ba, na tura wata ƙofa na shiga matakalar gudun gobara, ƙofar ta kulle kanta a bayana. Kowane hawa na taɓa ƙofa, a kulle. Na zauna a kan siminti, kuma tunda ba kowa a wurin, na yi abin da ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Daga baya na sauka har ƙasa, na fito ta wajen da ake tara shara.

Kishi nake yi, Thel, na faɗa, ki yi dariyarki. Ba tsoron su gudu nake yi ba. Mutumin nan a mako uku ya samu dariyar da ni na shekara ina nema, ni kuma na zazzage mata duk abin da ke cikina ba ta ko ce mini uffan ba. Ta riga ta ba ni amsa. Askin tumaki ya kusa, ina da aiki.

Ki gaida Len.

Merv

*

Asibiti, Sydney

Thelma 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, na gode da zuma. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi, a kan tiren abinci.

Ƙanenki ya koma wajen tumakinsa, ko sallama ta kirki bai yi mini ba. Duk zamansa a nan haka yake zuwa ya zauna a bencin can na jikin taga, ta gefen kunnen nan nawa da ya mutu, ni kuma ƙugun ba ya barina in juya. Wani lokaci ina jin kamar gunaguni, in na waiwaya sai in ga ya haɗe rai yana kallon takalminsa. Ranar ƙarshe ya ja labule, na ce yau Merv zai yi magana. Na kafa wa silin ido ina jira. Ban ji komai ba sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Da Des ya yi ihun dokinsa na amsa masa don kada in fashe da kuka.

Na tambaye shi a gaban mutane me ya gani, ya ce in zaɓa. Kalma ɗaya nake nema, Thelma, ya ce in dawo. Ba zan koma in zame masa kaya ba, yana aski yana ɗaukar mace zuwa bayan gida. Ina ganin zan karɓi ɗakin nan na bakin teku.

Des mutumin kirki ne, amma surutunsa ya fara hawa mini kai. Shi ya gane maganar kunnen tun rana ta biyu, ya ce masu gwanjo da kallo ɗaya suke sanin wanda ba ya jin tayi. Kin ga baƙo ya gane a kwana biyu. Tunkiya kuwa in ta yi ɗingishi a ƙarshen gona, Merv daga kan babur zai hango ta. Na daɗe ina jin haushin tumakin nan, yau na faɗa.

Alkawarinmu na nan, kada ki gaya masa. In ya sani yanzu, don tausayi zai zo.

Taki,
Noelene

*

Burnie, farkon Satumba

Mervyn,

Ina gaishe ka, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Wasiƙarka da ta Noelene rana ɗaya suka iso. Na yi mata alkawari shekaru da yawa, yau zan karya shi, in ta ga dama ta daina yi mini magana.

Matarka ba ta ji da kunnen hagu. Ko kaɗan. Tun shekarar babban farin nan da ka kora tumaki kudu neman ciyawa ka yi wata huɗu, zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tafi da kunnen. Ni na yi jinyarta. Ka dawo da rabin garke, ka rame kamar sanda, ta ce ba za ta ƙara maka wani abin ba. Daga baya kuma ta ji kunyar faɗa, wai an makara.

Kafin ka ce ƙarya ne, ka zauna ka yi tunani. A akori-kurarka kana tuƙi, tana zaune ta hagunka, wane kunne ke wajenka? A gado wane gefe take kwana? A coci fa, sau nawa ta tashe ka ta ce ku canja wuri, kana mita? In kuna tafiya a titi ta zagayo ta bayanka ta koma ɗaya gefen, kana cewa tsirfar mata ce. Shekara da shekaru matar nan tana kewaya ka don kunnenta mai ji ya kasance wajenka. Wannan karon ne kawai aka kwantar da ita inda ba ta iya kewayawa, aka kuma gine ka a gefen da ba shi ba.

Duk jawabin nan naka da ka yi kuka a kansa, ko harafi ɗaya bai shiga ba. Ita a saninta ka ja labule ka yi shiru ka tafi. Tana shirin karɓar ɗakin, don tana ganin ba ka son ta dawo.

Na san abin da zai fi cin ranka: ni na sani, kuma Desmond ɗinka ma ya gane da kansa. To ka ji haushin a hanya. Ka bar wa Athol askin, ka shiga mota. Kuma kada ka je mata da fuskar tausayi, ta ce ba ta so. Ka je ka faɗi abin da ka faɗa, a gefen da ake ji. Kai ka ce mini babu komai a gefen nan sai gadon mutumin. Sai ka san yadda za ka yi.

Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Thelma

*

Sydney, Satumba

Thel,

Gaisuwa. Na je.

Na tsaya a kansa da hula a hannu na ce, "Pardoe, matsar da ƙafarka, zan zauna." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sai yau? Na ɗauka sai na yi gwanjon wurin." Ya ja gwiwar ƙarfensa gefe, na zauna a bakin gadonsa, cinyata na gugar tasa. Ya ƙi toshe kunne, wai gadonsa ne.

Na faɗa mata duka, har da cin abinci a tsaye. Ashe da ƙarfi nake yi, tsohuwar lungu ta kashe rediyonta, nas biyu suka tsaya a ƙofa. Noelene ta bari sai da na kai aya, sannan ta ce, "Me ya sa kake ihu, Merv? Wannan gefen lafiyarsa ƙalau." Sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce a gaya miki ke maciyiyar amana ce, kuma ta gode.

Za ta dawo gida. Athol ya fara fasa matakalar.

Abu ɗaya ne. Kafin in ankara ta gayyaci mutumin nan cin abincin Kirsimeti a gona, shi kuma ko kunya babu ya amsa. Na ce ba komai, ya zo, ni da kaina zan yanka masa ragon da ya jawo duk wannan. Ni kuma zan jera kujeru. Ta hagunta zai zauna.

Ki gaida Len.

Ƙanenki,
Merv